Ɗan Hayen Gidanmu

Mu na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ranar Talata da hantsi ƙanen kakana ya riga mu tafiya, a bukkarsa ta bayan gari, kafin la'asar an rufe shi. Ni Kaka nake ce masa. Mahaifina Baffa yake ce masa, idan dole ta sa ya ambace shi. Sauran mutanen garinmu, wani ɗan ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, ɗan haye suke kiransa, wato wanda ya faɗa sana'ar da bai gada ba. Gidanmu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Shi ya fita daga ciki ya zama makaɗi.

Na taho daga ɗakin aurena zaman makoki, na sami wuri jikin katangar zaure ta ciki, inda ake jin maganar maza. Abin da kunnena ya kwasa a kwanakin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda ya fara shigowa wani tsohon maƙwabcinmu ne. Ya yi sallama, ya zauna, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Malam, ashe yana raye har yanzu?"

Wani ya ce, "Allah dai ya sa ya tuba kafin a zo ɗaukarsa."

Wani baƙo da ya biyo hanya ya tambaya, "Allah gafarta Malam, marigayin mece ce sana'arsa?"

Baba ya ce, "Manomi ne. Gonarsa na nan gabas da rijiya."

Sau huɗu na ji an yi wannan tambaya a ranar, sau huɗu Baba yana cewa manomi ne. Gonar kuwa na san ta. Ƙarangiya ta cinye ta tun ban yi wayo ba.

A tsakar gida ma haka. Gwaggo, yayar Baba, tana raba gumba tana cewa, "An dai huta da abin kunya. Allah ya taimake mu bai bar baya ba, da yanzu muna da zuriyar masu ganga." Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan suka tuna makoki ake yi suka gyara fuska.

Na ɗauka makaɗa za su zo, tunda malamai sun ƙi shi saboda su. Ba wanda ya leƙo. Da aka aika wa Sarkin kiɗan garinmu, sai ya ce wa ɗan aiken, "Wa ya mutu? Mu dai namu duk suna nan lafiya lau."

Rana ta biyu akwai gayya a wata gona arewa da gari, iska ta riƙa kawo mana gangar noma har cikin zaure. Na ji hirar maza ta lafa. Sai tsohon maƙwabcin nan ya ce, "Kun ji kiɗan mutanen da. Na mahaifin Sarkin kiɗa ne, Allah ya jiƙansa. Yanzu wa zai iya yin irinsa?"

Hawayen da ban yi ba ranar mutuwa a nan suka zubo. Wannan kiɗa a gabana aka yi shi, ina 'yar shekara tara, ƙarƙashin aduwar da ke ƙofar bukkar Kaka. Sai na ga abin da ke shirin faruwa. A gida an mai da shi manomi, a gari an raba aikinsa ga iyayen wasu. In na yi shiru, kafin damina biyu babu abin da zai rage da za a ce nasa ne.

Bari in faɗi sana'arsa, tunda an ɓoye ta. Kaka ba maroƙi ba ne. Bai taɓa tsayawa a ƙofar wani yana wasa shi ba, kuma in kana son ganin tashin hankali ka kira shi da wannan suna. Ƙera kiɗa yake yi, kamar yadda maƙeri ke ƙera fartanya. Mai bukata ya zo, a yi masa nasa daidai aikinsa, a koya wa makaɗinsa, ya ɗauka ya tafi.

Da ya bar gida yana saurayi, ƙasar Damagaram ya nufa, ya zauna damina biyu ƙarƙashin wani mai sarauta. Ya ce mini, "Kullum magana ɗaya. Kai ne, kai ne, babu kamarka. Ko atishawa ya yi sai na kaɗa masa. Ranar da na ga hannuna yana kiɗa ni kuma ina gyangyaɗi, na ɗauki gurmina na fita ban yi sallama ba." Ya yi yawo shekaru, ya dawo a lokacin da Turawa ke kafa alamun iyaka wajen Maigatari. Ba ubangida, ba mata, ba wanda ya san shi sai a matsayin ɗan malam da ya lalace.

Sai ya riƙa zuwa kasuwar Maigatari yana tsugunawa inda masu wasa ke tara mutane: mai maciji, 'yan kama, 'yan dabo, mai wasa da kura. Ba ya tafi, ba ya dariya. In an watse sai ya tashi ya je ya zage su. Ta haka ya fara samun aiki, kuma har ya mutu bai koyi wata hanyar ba.

Mai kura ne ya fara saurarensa. Kaka ya ce masa, "Kurarka da kyau, kai ma ba laifi. Makaɗanka ne jakuna."

Mutumin ya ce, "Kai wane ne?"

"Wanda ya kalli wasanka sau uku bai ji tsoro ba. Kura za ta fito kuna ta dukan ganga kamar ana kai amarya. Wa zai firgita?"

Mai kura ya so ya sakar masa ita, amma ya daure ya ce ya nuna. Kaka ya hana duk gangunan magana lokacin da ake jawo ta fili. Ya bar kuge ɗaya tak, ana buga shi a hankali daidai takunta. Ta ɗaga ƙafa, shiru. Ta sauke, ƙwal. Sai da aka cire mata takunkumi mutumin ya kai hannu bakinta, sannan gangunan suka fashe gaba ɗaya. Kaka ya ce ranar har mai sayar da daddawa sai da ta bar tallarta ta haye kan wani raƙumi da ke durƙushe. Daga nan labari ya bazu a tsakanin masu wasa, a ɓoye, kowa yana raɗa wa wanda ya yarda da shi: akwai wani mugun mutum bayan gari kaza, in ka iya jure bakinsa zai gyara maka wasa.

Aikin da na fi so na gani da idona. Wani Badamagare ne mai wasan 'yan tsana. Yakan kafa sanduna ya rufa babbar riga a kai, ya shige ƙarƙashi, ya riƙa ɗago 'yan tsanan itace ta wuyan rigar suna magana. Akwai tsoho mai rowa, akwai soja, akwai wata 'yar budurwa mai tallar gyaɗa wadda ke mutuwa a ƙarshen labarin. Ya yi kwana uku yana maimaita wasan a gindin aduwa, Kaka yana zaune ya tallabe haɓa, bai taɓa gurmi ba. Haka yake aiki. Sai ya kalli abu har ya ƙoshi kafin ya yarda ya ji shi.

Rana ta huɗu ya yi wa kowace 'yar tsana kiɗanta. Na tsoho yana ɗingishi. Na soja yana tafiya da ƙirji. Na budurwa yana tsalle kamar ɗan akuya. Da aka zo wurin mutuwa sai Badamagaren ya leƙo daga ƙarƙashin riga, gumi na zuba, ya ce, "To, a nan sai a sa mini na kuka, mai ƙarfi, har a ji a bayan kasuwa."

Kaka ya ce, "Koma ciki. Kai dai itace ka sani."

Sai ya ɗauki kiɗan budurwar nan mai tsalle, shi ɗin dai, bai sauya ko ɗigo ba, ya ja shi a hankali a kan tsirkiya ɗaya. Kamar ɗan akuyan ne ya dawo yana neman uwarsa. Ni da na san itace ne, na ga lokacin da aka ɗaura mata zane, na fashe da kuka.

Kaka ya dube ni ya ce, "Kin gani? Uwargida ta yi kuka. Ya yi."

Uwargida yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In na shigo sai ya ce, "Ga malama mai tawada a hanci. Yau me ubanki ya haramta?"

In ce, "Ya haramta tsofaffi marasa haƙori."

"To ki gaya masa na sake ki. Zan nemo wadda ba ta iya karatu ba, ta fi daɗin zama."

"Wa za ta aure ka, ko goro ba ka da shi?"

"Ke da kika aure ni me na ba ki?"

Ni kaɗai nake zuwa wurinsa daga gidanmu, shi ma don ina yarinya ne kuma Inna, mahaifiyata, tana kau da kai. Kada wanda zai karanta wannan ya ɗauka mutum ne mai daɗin sha'ani. Ba shi ba ne. Ya taɓa jifan wani makaɗi da takalmi don ya shigo da ganga kafin lokaci. Ya kori wani mai maciji da ya taho tun daga Gagarawa a ƙasa, don kawai ya ce masa "ɗan yi mini ko wane iri." Bai iya godiya ba, bai iya ban haƙuri ba. Ni kaina ya taɓa sa ni in karanta masa waƙar wa'azi da na haddace, na gama ina jiran yabo, sai ya ce, "Muryar ba laifi. Amma kina numfashi inda bai kamata ba, kamar mai hawan rimi." Na yi kwana goma ban je ba. Bai aiko ba.

Alheri ɗaya na san ya yi wanda ba aiki ba ne. Inna ta rasu ina shekara goma sha ɗaya, magana ta ɗauke mini. Aka yi rubutu na sha, aka yi tofi, bakina ya ƙi buɗewa. Wata rana ƙafata ta kai ni gindin aduwa. Bai yi mini ta'aziyya ba. Ya ce, "Uwarki in tana daka, yaya taɓaryarta ke cewa? Kowace mace da nata." Ya buga wani lugude a jikin ƙwarya. Na girgiza kai. Ya buga wani, na girgiza kai. Ya riƙa yin kuskure, yanzu na san da gangan ne, har haushi ya kama ni na ce, "Ba haka ba ne! Takan yi biyu, ta jefa ta sama ta tafa, sannan ta yi uku!" Maganata ta farko ke nan cikin wata biyu. Ya ɗora gurmi a kan wannan lugude ya yi mini kiɗa. Bai taɓa ba kowa shi ba, kuma bai sake ambatar ranar ba.

Yanzu sai in zo kan abin da ya ci masa rai. A ƙasarmu ba a ganin girman kiɗa sai an ce na gado ne. In makaɗi ya ce sabo ne, jiya aka yi shi, sai a taɓe baki. In ya ce, "Wannan wurin ubana na same shi, shi ma wurin nasa uban," sai a gyara zama. Saboda haka duk wanda ya karɓi kiɗa a hannun Kaka, da ya juya baya sai ya ba ubansa. Mai kura ya ce na kakansa ne. Badamagare ya ce tare da 'yan tsanan ya gaje shi. Ba wanda zai tsaya cikin taro ya ce wani ɗan haye, ɗan gidan malamai, shi ya yi mini. Da ya faɗi haka da ya zubar da kansa.

Kaka ya san da haka, yakan haɗiye. Sau ɗaya ya kasa, shi ne na gangar noman nan. Sarkin kiɗan garinmu ya zo masa da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, ya zagayo ta bayan gonaki don kada a gan shi. Ina nan. Ya durƙusa, shi da ba ya gaida Kaka a hanya, ya ce samarin gari sun fara gayyato makaɗin wani ƙauye don kiɗansa ya fi sa su zuba aiki, in aka ci gaba haka sarautarsa ta zama suna kawai. Kaka ya bi manoma kwana biyu yana kallon yadda suke sunkuyawa da yadda suke ɗagowa. Ya yi kiɗan da ke ba mutum numfashi daidai inda bayansa ke neman gajiya, sannan ya zuga shi.

Ranar gayya samari suka yi noma kamar ba za su mutu ba. Da aka huta, dagaci ya tambayi Sarkin kiɗa ina ya ɓoye wannan tuntuni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na marigayi mahaifina ne. Ba a fito da shi sai an matsu."

Kaka yana bakin gona. Ya ɗaga murya ya ce, "Ubanka? Ubanka da ko turmi bai iya bugawa daidai ba? Kwanan nan ka durƙusa a ƙofata!"

Aka bushe da dariya. Sarkin kiɗa ko gezau bai yi ba, ya ce, "Ku ƙyale shi. Ɗan haye ne. Allo ya gagare shi, ganga ta gagare shi, sai baki." Samarin da kiɗansa ya gama ɗaga wa baya suka bi shi da hoge har bakin hanya.

Na same shi yana wanke goshi. Na ce, "Kaka, ka daina yi musu mana."

Ya ce, "In na daina, wa zai yi musu iyaye? Duk makaɗin da ke ƙasar nan, daga nan har iyaka, ni na haifi ubansa." Ya yi dariya.

Ba zan ɓoye hujjar Baba ba, don shi ma an cuce shi. Shekarar da limamin garinmu ya rasu, kowa ya san babu wanda ya kai Baba karatu. Dattawa suka zauna, wani ya ce, "Gidan da ya fitar da makaɗi shi zai ja mu salla?" Aka ba wani. Ranar ce kaɗai na ga Baba ya taka zuwa gindin aduwa. Ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Baffa, ka ji abin da ka jawo mini?"

"Na ji. Sun yi asara."

"Ka ajiye abin nan ko na shekara ɗaya. Ka zo masallaci a gan ka a sahun gaba. Ka ce ka bari."

"In ce na bari ban bari ba? Kai ne malam, gaya mini sunan wannan."

"Ka kashe mahaifina da baƙin ciki, yanzu ka juyo kaina."

"Yayana zazzaɓi ne ya kashe shi. Kai kuma in limancin naka bai iya tsayawa sai an karya gurmi, ai ba shi da ƙafa."

Baba ya juya. Shekara goma sha biyu ba su sake haɗa ido ba, sai ranar da Baba ya shiga bukkar ya yi masa wanka.

Aikinsa na ƙarshe bara ne, da ake shimfiɗa hanyar jirgi ta wajen Gagarawa. Leburori suna ɗaukar ƙarfen dogo, wani ya ɗaga wani bai ɗaga ba, ana ta karya ƙafafu. Wani daga cikinsu da ya taɓa bin mai kura ya zo ya ɗauki Kaka a kan jaki. Ya kalle su yini biyu, ya yi musu waƙa mai amshi wadda in an zo wata gaɓa kowa zai ɗaga tare ko bai yi niyya ba. Yanzu har yaran garinmu suna yin ta, ana cewa jirgi ne ya kawo ta daga Kano. Da na je gaishe shi na gaya masa, sai ya ce, "To, an ci gaba. Da iyayensu nake yi wa, yanzu jirgi nake yi wa."

Ranar sadakar bakwai dagaci ya zo, saboda haka Sarkin kiɗa ma ya biyo shi. Na ji muryarsa a zaure yana cewa, "Allah gafarta Malam, sai haƙuri. Mu dai ba mu san shi a sana'a ba, amma ai musulmi ne."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a gaban mata ba na ɗaga murya, na matsa bakin ƙofar zaure ta ciki, na ce, "Sarkin kiɗa, ina wuni. Ina da tambaya. Gangar noman da aka kaɗa ranar Laraba, wa ya yi ta?"

Maza suka waiwayo.

Sarkin kiɗa ya ce, "Wace ce wannan?"

"Wadda take zaune gindin aduwa ranar da ka zagayo ta bayan gonaki. Mutumin ya mutu, ba zai ƙwace maka komai ba. Ka faɗa sau ɗaya kawai a gaban mutane."

Ya ce, "Malam, ashe abin bai ƙare a gidan ba? Ya bar muku magajiya." Wasu suka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "'Yata, na ubana ne. Je ki tambayi duk garin nan."

Gwaggo ta fizgo ni ta baya har mayafina ya faɗi. "Kin tona mana asiri a gaban dagaci! Don wa? Don mai gurmi?" Baba bai ce mini komai ba a ranar, bai kuma amsa gaisuwata ba washegari.

Na gane babu bakin da zai faɗa. Sai na ɗauko takardun da Baba ya ba ni don in kwafe waƙoƙin wa'azi, na fara jera ayyukan Kaka ɗaya bayan ɗaya: wane kiɗa, wa aka yi wa, a ina, wa ake cewa ya yi shi yanzu. Tawada ba ta iya riƙe sauti, na sani. Amma tana iya cewa wannan na wane ne. Na yi kwana huɗu ina yi da hantsi, bayan an gama shara.

Da na gama na koma kan ganyen farko don in sa sunansa, sai hannuna ya tsaya. Sunan Kaka shi ne sunan maigidana. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa wannan suna bai sake fita bakina ba, kuma ashe abin da baki ya ji kunyarsa hannu ma yana ji. Na tsoma alƙalami sau uku, tawada ta bushe a bakinsa. Maigidana ya tafi gabas neman karatu, sai damina. Gwaggo ba ta rubutu, in ma tana yi wuta za ta sa wa takardar. Na zauna ina kallon aikin mutum guda cur, an jera shi tsaf, babu mai shi. Abin da gari ya yi masa shi na sake yi masa da hannuna.

Mutum ɗaya ya rage a gidan da ke riƙe alƙalami.

Na sami Baba a zaure bayan azahar, shi kaɗai. Na durƙusa na ajiye takardun a gabansa. Ya daɗe bai taɓa su ba. Sannan ya ɗauka ya karanta, ganye bayan ganye, fuskarsa kamar an ɗaure ta da igiya.

Ya ce, "Takardar da na ba ki don wa'azi."

Na ce, "Ita ce, Baba."

"Karatun da na ba ki, abin da kika ga ya dace ki yi da shi ke nan."

Ya koma kan takardar.

Ya sa yatsa a wani layi. "Wannan ba daidai ba ne. Kiɗan masu haƙar rijiya ba a Maigatari ya yi shi ba. A bayan gidan nan ya yi shi, a jikin ƙwaryar kakarki, wani zuwa da ya yi ganin gida. Ina jin sa daga nan inda nake zaune. Ranar mahaifina ya ce kada ya sake tako ƙofar nan." Ya ɗago ya dube ni. "In za ki rubuta abu, ki rubuta shi daidai."

"Zan gyara, Baba."

"Nan kuma me ya sa kika bar fili?"

Na sunkuyar da kai. Ya gane.

Ya ce, "Yafewa na yafe masa tun a bakin kabari, don an ce a yafe. Mantawa ce ban yi ba. Gobe in an tambaye ni, manomi zan ce. Kuma wannan takarda ba za ta kwana cikin littattafaina ba, kin ji ko?"

"Na ji."

Ya jawo tawada. Ya fiƙe alƙalami a hankali, kamar yadda yake yi in zai rubuta abu mai muhimmanci. Ya rubuta sunan da kyakkyawan hannunsa, ya ƙara da sunan mahaifinsu, wanda shi ne kakan Baba, limami ɗan limami. Ya turo mini takardar bai dube ni ba.

Ya ce, "Ɗauki ki ba ni wuri. Kada ki naɗe, ba ta bushe ba."

Tana cikin gafakata yanzu. Wannan da nake rubutawa bayani ne a kanta, don wanda zai same ta wata rana ya san yadda aka yi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka mai sunan nan, ka yafe masa kaifin bakinsa, ka yalwata masa makwanci. Kai ka san shi ba sai an rubuta maka ba. Mu ne muke mantuwa.